Tsoho Mai Sanda a Shagon Talabijin

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗa da bakina: ni na jawo. Ba Gwaggo ba ce, ba mai shago ba ne. Babban yatsana ne na dama, wanda tun ina 'yar shekara goma sha biyu ba ya jin magana.

Wadda yau ta fara shigowa, matso in taƙaita miki. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani, kuma akwai wani malamin makaranta da ke nemana wata takwas ke nan. Labarin ƙasa yake koyarwa. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutumin da in kika taka masa ƙafa shi zai ba ki haƙuri. A gidanmu Malam ake ce masa. A wayata kuwa sunan da na ajiye masa shi ne Biyar da Nema, kuma yanzu za ku ji dalili.

Da yayana zai tafi aiki nesa, ya bar min na'urar gem ɗinsa. Ƙwallo nake bugawa ta intanet, da mutanen da ban sani ba, su ma ba su san ni ba. Sunana a can Tsoho Mai Sanda. Na zaɓi sunan ne saboda in na sa na mace, ba a minti biyu sai wani ya tambaye ni ko na iya girki. Tsoho kuwa ba mai damunsa, sai dai a sha kashi a kama gaba.

Wata uku da fara zuwan Malam, muna zaune a falo, sai ya ciro wayarsa fuska a murtuke.

"Kin ga wannan mutumin?" ya ce, yana nuna min hoton sakamakon wasa. "Wani gardi ne da ba shi da aikin yi. Sau tara muna haɗuwa, sau tara yana ci na. Jiya biyar da nema ya yi min. Abin haushin ma, in ya ga ya yi nisa sai ya fito da golansa har tsakiyar fili yana yanke 'yan wasana da shi. Gola fa! Wannan ai rashin tarbiyya ne."

Na leƙa. Tsoho Mai Sanda, biyar. Kyaftin Taswira, ba ko ɗaya. Kyaftin ɗin da nake ɗauka wani ɗan sakandare ne da ya saci hannun gem na yayansa.

Ruwan da nake sha ya bi ta hancina. Da na gama tari na ce, "Kai, gaskiya bai kyauta ba."

"Ba wai ya fi ni iyawa ba ne," in ji shi. "Talabijin ɗina ne. Jinkiri gare shi. In na danna, sai ɗan wasan ya tsaya ya yi shawara da iyalinsa kafin ya buga."

Na san me za ku ce. Me ya hana ki faɗa masa a take? To ku tambayi Umma.

Kafin Malam akwai wani mai mota. Ranar da motar ta ƙi tashi a ƙofar gidanmu, ya buɗe gabanta ya tsaya yana kallon inji hannu a ƙugu, abokinsa na ta "ina ga famfon mai ne". Ni kuma da shegen bakina na ce, "Kan batir ne ya yi sako-sako." Na ɗaure shi, mota ta tashi, mutumin ya shige ya tafi. Har yau yana tafiya. Tun daga ranar Umma ta kafa doka: a gaban manemi ban san komai ba sai murmushi. Ranar da Malam zai zo, da kanta take naɗe na'urar a tsohon bargo ta cusa ƙasan gado, kamar wadda ke ɓoye kayan sata.

Kuma kada ku ɗauka a baki kawai take wa'azin. Umma ce ke gyara komai a gidanmu. In fanka ta tsaya, Abba zai zo da sukundireba ya ɗan buga mata ƙeya sau biyu, ya ce ta mutu. Yana fita Umma za ta hau kujera ta canza abin da ya ƙone. Ya dawo ya tarar fanka na juyawa, ta ce masa, "Ai tun da ka taɓa ta ta warware." Shekara talatin da ɗaya ke nan Abba na yawo a gari yana ba mutane labarin albarkar hannunsa.

Na gwada barin Malam ya ci sau ɗaya, wallahi na gwada. Na buɗe masa hanya har gaban raga, ya buga sama. Na sake buɗewa, ya bugi ƙarfe. Haushi ya kama ni na zura masa uku.

To, ran Alhamis ina kantin magani saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, an gama fentin falon gidan da za mu zauna. Saura talabijin. Asabar ki raka ni ki zaɓa, tunda ke za ki fi kallo."

Na rubuta, "Duk wanda ka zaɓa ya yi."

"A'a. Ina son wanda fim zai fito miki tangaran, ni kuma in samu wanda ba ya jinkiri. Wata bakwai ina tara kuɗinsa. Tsohon nan sai ya san ya taɓo malamin makaranta."

Na daɗe ina kallon wayar har wata mata ta buga kanta ta ce ko sai ciwon kan ya kashe ta zan miƙo maganin.

Ranar Asabar Umma ce ta zaɓa min kaya. Doguwar riga ruwan toka, mayafi ruwan hoda, takalmi mara tsini, jaka ƙarama wadda ko waya da kyar take shiga. Ta ja da baya ta ƙare min kallo.

"Yawwa. Yanzu kin yi kama da wadda ba ta san inda ake kunna rimot ba. Maimaita."

"Duk wanda ka zaɓa ya yi."

"Da murmushi."

"Duk wanda ka zaɓa ya yi."

"In kika kuskura kika koro min wannan ma, ni da ke ne. Yaron nan ko tsawa bai iya ba. Ina za ki samu irinsa?"

Abin da ya fi min ciwo shi ne gaskiya ta faɗa. Ina son Malam. Ba son a-rabu-da-surutun-gida ba, so na gaske, irin wanda in ya yi kwana biyu bai kira ba abinci ke daina min daɗi. Don haka na haɗiye maganata na ɗauki jaka.

Gwaggo, yayar Abba, ita aka haɗa mu da ita rakiya. Gwaggo ba ta taɓa kallon fim ta kai ƙarshe ba, minti goma take barci, amma tun a motar da Malam ya aro ta bayyana matsayinta.

"Malam, ka sayi babba. Wanda in baƙo ya shigo zai yi sallama da ladabi. 'Yar maƙociyata nata ya kusa cika bango, sai da aka cire ƙofa aka shigar da shi."

"To Gwaggo, sai dai abin da aljihu ya yarda."

"Aljihu ai lallashinsa ake yi."

Shagon dogo ne kamar lungu, talabijin jere a bango tun daga ƙasa har rufi, duk suna nuna abu ɗaya: wani aku mai launi bakwai yana juya kai a hankali. Ƙasa kwalaye, sama wayoyi, fanka ɗaya tana kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai shagon gajere ne mai tumbi, da rimot uku a aljihun gaba. Kowa Orijina yake ce masa, don ba ya jimla biyu bai faɗi kalmar ba.

Kallo ɗaya ya yi mana ya gane wa ke da kuɗin, wa ke da bakin. Gwaggo ya fara ba kujera.

"Hajiya, bismillah. Ango, me ake so?"

"Mai hoto garau, na fim da gem," in ji Malam. "Amma mai sauƙin kuɗi. Babban abin dai kada ya yi jinkiri."

"Jinkiri? A shagona? Ango, zo ka ga."

Ya kai mu gaban wani ƙato, inci sittin da biyar. Sunan kamfanin da ke goshinsa ban taɓa jin sa ba, kuma harafi ɗaya ya ɗan karkace, alamar da gam aka manna shi. A kwalin an rubuta 4K har sau shida, ko'ina ka juya.

"Orijina ne wannan. Dubi launi! Dubi akun nan, kamar ka miƙa masa gyaɗa. Kuma saboda Hajiya, zan bar maka shi a kuɗin ƙaramin can."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ma sha Allah! Wannan ko daga bakin titi ana gani."

Ni kuwa abin da nake gani daban ne. An ƙure haske da launi har jan akun na neman ƙona ido. Baƙin da ke bayansa ba baƙi ba ne, toka-toka ne, kusurwoyi huɗu duk haske na tsiyaya. Na ɗan matsa gefe kamar mai gyara mayafi, hoton ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Na ce a raina, duk wanda ya zauna a kujerar gefe a falon nan, fatalwa zai riƙa kallo.

"Ya kika gani?" in ji Malam.

"Duk wanda ka zaɓa ya yi."

Gwaggo ta gyaɗa kai, alamar za a kai rahoto mai kyau.

"Ana iya gwada gem a kai?" Malam ya tambaya.

Orijina ya jawo wata na'ura daga ƙarƙashin tebur, mai hannu biyu, ɗaya an ɗaure shi da salatif. Ya haɗa. Malam ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya fara bugawa da kwamfuta.

Jama'a, na ga jinkiri a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Yatsansa zai danna, in ƙirga ɗaya a raina, sannan ɗan wasan ya tuna an aike shi. Malam ya ɓata fuska.

"Kamar fa yana ɗan jinkiri."

"Haba ango! Hannunka ne bai saba da babban allo ba. Ido ne ke tafiya mai nisa kafin ya kai ƙarshen hoton. Kwana biyu za ka saba."

Ido ne ke tafiya mai nisa. Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jan-baki.

"Haka ne kuma," in ji Malam a sanyaye. Mutumin da ke koya wa yara nisan rana da ƙasa, shi aka gaya wa wannan ya yarda. Ya juyo ya dube ni, ya dubi Gwaggo da ke shafa gefen talabijin ɗin kamar jaririn da aka miƙo mata, ya sa hannu a aljihu ya ciro ambulan.

Ambulan ɗin ce ta karya ni. Ruwan ƙasa ce, irin ta makaranta, gefenta duk ya yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. Wata bakwai yana zuwa aiki a ƙafa rabin hanya. Na tuna takalminsa da aka yi wa ɗinki sau biyu. Sai na hango kaina shekara talatin da ɗaya nan gaba, a kan kujera, ina gyara fanka a ɓoye.

"Malam, dakata."

Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ga kowa ya juyo.

"Ba ni rimot," na ce wa Orijina.

"Amarya, ai saitin yana da wuyar..."

"Ba ni."

Na shiga saiti. Na duba sama, na duba ƙasa. "Ina yanayin gem? Babu. Talabijin ɗin da za a yi gem da shi dole a samu inda za a kashe masa kwalliyar hoto, don kwalliyar ce ke cin lokaci. Wannan ba ya kashewa. Ga wani abu kuma da ke sa motsi ya yi santsi, shi ma a kunne yake, ba a taɓa shi. In ka sa fim a nan, mutane za su riƙa zamewa kamar an shafa musu mai. Cire akun nan ka sa mana fim mai duhu mu gani."

"Ai fim ɗin... filashin ba ya kusa."

"Na sani. Ramin jona waya nawa ne a baya?" Na leƙa da kaina. "Biyu, ɗaya ma a toshe. In an sa gem an sa dikoda, shi ke nan. Kuma falon taku shida ne daga bango zuwa kujera, na auna. Inci sittin da biyar a nan sai dai mu riƙa juya wuya kamar akun."

"Ke!" in ji Gwaggo. "Ke! Aljanu ne?"

Ban saurare ta ba, na riga na yi nisa. Can ƙasa, kusa da kwandon shara, akwai wani inci arba'in da uku da ƙura ta rufe, ba a ko kunna shi ba. Na sa ya haɗa. Yana da yanayin gem, ramuka uku, baƙinsa baƙi ne, in ka koma gefe hoton na nan yadda yake. Na ciro waya na kunna ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, na sa Malam ya danna a gaban babban, ya sake dannawa a gaban ƙaramin, na nuna masa. A ƙaramin, yatsa na sauka ƙafa na tashi. A babban, har ka sha ruwa.

Orijina ya share gumi. "Amarya, a ina kike aiki?"

"Kantin magani."

"Allah ya kiyaye mu da maganinku."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai in ce yayana ne ya koya min. Amma Malam, da idonsa ya cika da mamaki, sai ya miƙo min hannun gem mai salatif.

"Riƙe min wannan mu gwada mutum biyu. Ki danna duk abin da kika ga dama, ba komai."

Na karɓa. Na rantse muku niyyata in yi ta danne-danne kamar mai kashe sauro. Minti ɗaya na daure. Sai ya zo zai wuce ni ta gefen hagu, yadda kullum yake yi, yadda sau goma sha huɗu yanzu yake yi ba ya canzawa, yatsana ya ƙwace ƙwallon ba da izinina ba. Ɗaya. Ya yi dariya ya ce sa'a ce. Biyu. Ya daina dariya. Ma'aikatan shagon suka bar kwalaye suka taru a bayanmu. Uku.

Daga nan ban san lokacin da na mayar da ƙwallo baya ba. Golana ya karɓa, ya fito daga raga, ya wuce layi, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, yana tafe abinsa har tsakiyar fili.

Wani a baya ya ce, "Kai! Gola ne fa!"

Sai a lokacin na lura 'yan wasan Malam sun tsaya cak. Ya sauke hannunsa. Ba allon yake kallo ba, babban yatsana yake kallo.

"Tsoho," ya ce a hankali.

Na sunkuyar da kai.

"Mai Sanda," ya ƙarasa.

"Wane tsoho kuma?" in ji Gwaggo tana waige-waige. "Ni dai ban ga kowa ba."

Malam ya ajiye hannun gem a kan kwali, ya buɗe ambulan ya biya kuɗin ƙaramin, har da canji ya rage masa. Ya rungumi kwalin da kansa ya kai mota. A hanya ba wanda ya yi magana sai Gwaggo, ita ma da tagar mota take yi: wai an ga babba an ɗauko na ɗakin gwauro, wai 'ya'yan yanzu ba sa jin kunyar sani. Da ya sauke mu ya gaishe ta da ladabi kamar kullum. Ni ko kallona bai yi ba.

Kafin in cire takalmi rahoto ya isa kicin.

"Uku ta zura masa! A gaban ma'aikata! Har da mai tsaron gida ta fito da shi yawo!"

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna a bakin gadona ludayi a hannu, ta ce, "Awa biyu kawai na roƙe ki. Ni shekara talatin da ɗaya na yi, ban mutu ba."

"Umma, kuɗinsa na wata bakwai ne."

"Da kin bari ya saya, bayan biki ki lallaɓa ki canza, ki ce shi ya ba da shawara. Haka ake yi."

"Ni ba zan iya ba, Umma."

Ta tashi ta fita. Na kwanta da rigar ruwan tokar a jikina na yi kuka, kukan gaske, ba na fim ba. Ƙarfe biyu na rana, ba saƙo. Ƙarfe uku, ba saƙo. Ƙarfe huɗu na buɗe wayar na ga yana kan layi, ya fara rubutu, ya goge, ya sauka. Na ce shi ke nan, ya bi sahun mai mota.

Wajen ƙarfe biyar na jawo bargon daga ƙasan gado. Ba don in yi wasa ba, so nake in goge Tsoho gaba ɗaya, in huta. Na haɗa na kunna. Sai ga gayyata a saman allo, an turo ta minti shida da suka wuce.

Kyaftin Taswira yana gayyatar ka wasa.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Biyar da Nema.

"Na haɗa shi. Ba ya jinkiri ko kaɗan, don haka ba ni da sauran uzuri. Na ji kunya yau, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na zauna na yi tunani, ba ukun ne suka dame ni ba. Wata biyar da kika yi kina ce min bai kyauta ba, shi ne."

Nan take wani saƙon ya shigo.

"Canjin da ya rage na koma na sayi hannu na biyu, sabo, ba mai salatif ba. Yana nan a falonki. Ki karɓi gayyatar. In kuma kika bar ni na ci da gangan zan gane, kuma wannan ne kaɗai abin da ba zan yafe ba."

Ban ji shigowar Umma ba. Ƙamshin albasa kawai na ji a kaina, ashe tana tsaye tana karantawa ta saman kafaɗata. Ta karanta, ta sa yatsa ta mayar da shi sama, ta sake karantawa. Daga falo muna jin muryar Abba yana gaya wa Gwaggo yadda ya gyara firji da bugu ɗaya.

Umma ta ajiye ludayin a kan madubi, ta tura ƙofa ta rufe, ta jawo kujerar da take hawa ta gyara fanka ta zauna kusa da ni.

"Wanne ne naki a ciki?"

"Masu jar riga."

"To me kike jira?" ta ce, tana goge ido da bakin zani. "Zura masa. Kuma ki fito min da golan nan in gan shi."